Alama ta Biyu a Lungun Tumaki

Ranar Laraba da hantsi Brice Lathrop ya zo gidan Alden Pinkham da taswira a hammata da kwalin donot, fanken Turawa, a hannu. Yana ta murmushin nan nasa na likitan haƙori, wanda ake yi wa mutum kafin a zura masa ƙarfe a baki.

"Kyaftin! Ina kwana? Na zo ɗaukar karatu."

Alden bai taɓa zama kyaftin ɗin komai ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da tarihi a sakandaren garin Merrow, ga 'ya'yan masunta da ba su ga amfanin sanin abin da ya wuce ba, kuma da ya tsufa ya fara zargin su ne da gaskiya. Abin da ya mallaka dai jirgin ruwa ne mai filafilai, na katako mai tsawon ƙafa talatin, wanda ya riƙe shekara arba'in da ɗaya, kuma wata biyu ke nan da ya sayar wa wannan mutumin. Kafaɗarsa ta dama ta daina jan igiya. Ɗansa da ke Arizona ya yi ta bugo waya kowace Lahadi da muryar lallashin yaro, har Alden ya gaji ya sa hannu.

Sharaɗi ɗaya ya kafa, bai kuma rubuta shi ba, don a Merrow ba a rubuta irin wannan. Sunan jirgin Lenora, sunan matarsa da ta rasu shekara uku baya. Ya ce sunan ya zauna yadda yake. Brice ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Haba Kyaftin, ai ko ba ka faɗa ba."

Suka zauna a teburin kicin. Brice ya shimfiɗa taswirar, ya danne kusurwoyinta da kwalbar gishiri da kofin Alden ba tare da ya tambaya ba. Mutumin Ohio ne, ya yi shekara goma yana tuƙa ƙaramin jirgi a tafkin Erie, inda ruwa ke kwana inda ka bar shi, ba kamar teku da ke cika tana janyewa ba. Ya zaro takarda da ya buga a na'ura, an jera komai a kanta: man kare rana, rigunan ceto huɗu, masara, kankana, maganin amai.

"Ga yadda abin yake," in ji shi. "Asabar da Lahadi. Ni, matata Kendra, da 'yan matan biyu. Ba na neman jarumtaka. Kendra tana jin jiri ko a kan gada. Yaran kuma bayan awa biyu sai su fara cin junansu. Ina son wuri kusa, mai shiru, a ci abinci, su yi wasa a yashi, mu kwana, mu dawo. In wannan tafiyar ta yi daɗi, Kendra ta karɓi jirgin. In ba ta yi ba, to, ka san sauran."

Abin kunya, Alden ya ji daɗi. Tun jana'iza ba wanda ya tambaye shi abin da ya sani. Tambayarsa kawai ake yi ko ya sha magani. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a bayan Tsibirin Tumaki, inda teku ta yi lungu.

"Nan. Awa ɗaya da rabi in iska ta yi hankali. Ba igiyar ruwa, ba jiragen masu kuɗi da kiɗansu. Ka tsallaka tsibirin da ƙafa, minti goma sha biyar, ga yashi fari a ɗaya gefen."

Brice ya sunkuya. "Amma ai taswira ta yi masa kore. Kore ba yana nufin wurin yana bushewa ba in ruwa ya janye? Na karanta."

"Ka karanta daidai, Likita. Lungun duka laka ne in ruwa ya tafi. Amma akwai rami a tsakiya, faɗinsa bai fi wannan gidan ba, ƙafa bakwai na ruwa ko da teku ta janye iyakarta. Masu taswira ba su san da shi ba. Lenora ce ta gano shi. Bazara guda ta yi a kwalekwale da igiya da dunƙulen dalma tana aunawa, ni ina kan jirgi ina karatu ina ce mata ɓata lokaci take. Alama biyu ake haɗawa, inda suka gamu nan ake jefa anga a tsayar da jirgi. Duk suna shafin farko na littafin jirgi, da rubutunta. Mai shuɗin bango, a aljihun teburin taswira."

Brice ya sosa ƙeya. Murmushin bai tafi ba, ya dai ɗan yi tsami.

"To, ai maganar da nake so mu yi ke nan. Bari ka gani, za ka yi dariya."

Ya miƙo waya. A hoton su huɗu ne a bayan jirgin, Kendra da kwalbar giya mai kumfa, yaran da baki buɗe. Ƙarƙashin ƙafafunsu, a kan katakon da Alden ya shafa wa mai sau arba'in da ɗaya, an rubuta da manyan haruffa ruwan zinare: BA NA OFIS.

"Kada ka damu, ba mu yi da ka ba," in ji Brice da sauri. "Na san canza suna yana jawo tsiya in ba a bi ƙa'ida ba. Na duba a intanet, mun bi ta ɗaya bayan ɗaya. Sai an kawar da tsohon sunan daga ko'ina a jirgin, ko a takarda kada ya saura, sannan a zuba wa teku giya gabas da yamma, kudu da arewa. Shi ya sa littafin ya tafi. Kowane shafi akwai sunan. Dama ya yi funfuna, ƙaramar kuma tana da asma. Motar shara ta kwashe tun wancan makon."

Alden ya ci gaba da kallon hoton. A littafin akwai kowace tafiya tun daga ta farko. Akwai ranar da suka ga ƙaton kifin nan whale, da ranar da ɗansu ya faɗa ruwa, da wurin da ta rubuta cewa kyaftin ya ƙona wake kuma ma'aikata na shirin tawaye. Shafukan ƙarshe rubutun ya karkace, don lokacin ciwo ya fara cin ƙarfinta. Ya bar littafin a jirgin ne da gangan, don a ganinsa can ne gidansa.

"Kendra ta ce ba za ta iya kwana da 'ya'yanta cikin abu mai sunan mamaciya ba," Brice ya ƙara, yana rage murya kamar suna cikin sirri ɗaya. "Ka san mata."

"Na san ɗaya," in ji Alden.

Ya miƙa masa wayar. Ya tashi ya ɗauko fensir da bayan wata ambulan, ya zauna ya yi rubutu a hankali da kyakkyawan rubutun allo. Ka sa hasumiyar cocin Merrow a bayanka, daidai saman farin dutsen bakin lungu, ka riƙe su a haka ka shiga. Ya ɗiga aya. Fensirin ya tsaya a sama na ɗan lokaci. Alama ta biyu ita ce busasshiyar bishiyar kan tsibiri, lokacin da ta rufe bututun hayaƙin rusasshen gidan makiyayi. A nan ake sakin anga, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Ya ajiye fensirin.

"Ka ce biyu ne, ko?" in ji Brice.

"Ta biyun ta masu tsoro ce. Ka bi layin nan, inda ka ga ya yi maka ka jefa anga. Ka isa da tsakar rana, ruwa a cike. Ku sauka ku tafi yashi, kada ku yi gaggawar dawowa. Jirgi ba jariri ba ne."

"Wallahi kai ne ubana a garin nan." Brice ya naɗe ambulan ya sa a aljihu. Ya bar donot ɗin. Alden ya ci biyu a tsaye, ba don yana so ba, ya zuba sauran a shara.

Ba kisa ya shirya ba, kuma cikin kwana biyun da suka biyo baya ya maimaita wa kansa haka fiye da yadda mai gaskiya ke bukata. Lissafinsa mai sauƙi ne. Farin wata ya cika, don haka ranar Asabar teku za ta sauka ƙafa goma sha biyu tsakanin tsakar rana da ƙarfe shida. Baƙo a lungun da bai sani ba tsoro yake ji, yana shiga zai jefa anga, tun kafin ya kai ramin. Wurin laka ce mai taushi kamar kunu. Jirgin zai zauna, ya kwanta a gefensa a hankali, kwanoni su zube, kankana ta gangara, katifu su jiƙe. Kendra za ta dawo daga yashi ta tarar da gidan hutunta a kwance cikin wari, ta shiga laka har gwiwa da fararen takalmanta. Ruwa ya dawo, jirgi ya tashi, ba abin da ya same shi. Shi da Lenora sun yi wannan kwanciyar a shekararsu ta farko, suka zauna a gefen jirgi suna cin sardin daga gwangwani suna zagin juna cikin nishaɗi. Ranar Litinin kuwa za a kafa wa jirgin allon sayarwa, wataƙila ya faɗa hannun mai kunya.

Can cikin lungun, bayan ramin, akwai dutse mai ƙahoni biyu da ake kira Kan Rago. Alden bai manta da shi ba. Ya dai yanke cewa ba baƙon da zai kutsa har can.

Asabar ta zo da rana mai kyau, irin wadda ake bugawa a katin gaisuwa. Ya cika fulas da kofi, ya ɗauki madubin hangen nesa, ya tuƙa motarsa zuwa ƙarshen hanya, inda ƙasa ke ƙarewa a kan duwatsu kuma lungun ke buɗe a gabanka kamar faranti. Ya zauna a kujerar naɗi. Ya zo da littafi, bai buɗe ba.

Sha biyu saura kwata jirgin ya ɓullo. Filafilin gaba ya yi sako-sako yana kaɗawa kamar wanki, amma jikin yana yanka ruwa yadda ya saba, kuma ƙirjin Alden ya yi abin da yake yi duk lokacin da ya hango shi daga nesa. Brice ya sauke filafilai tun a waje, ya tada inji, ya juya yana duban baya. Ya sa hasumiya a kan farin dutse daidai. Ɗalibin kirki ne. Alden ya san irinsu, suna yin abin da aka ce, ba sa tambayar abin da ba a ce ba.

"To, jefa," in ji Alden a hankali. "Jefa mana."

Bai jefa ba. Kendra tana tsaye a gaba da faffaɗar hula tana nuna gaɓa da hannu, kuma ko daga nan ana gane me take cewa: matsa kusa, kada yaran su sha dogon tuƙi a kwalekwale. Jirgin ya ci gaba. Alden ya ga busasshiyar bishiya, ya san a daidai wannan lokacin, daga kan jirgin, ta rufe bututun hayaƙin. Suna kan ramin. Suka wuce shi kamar yadda ake wuce baƙo a titi. Tsayin jirgi uku, huɗu, biyar. Sannan anga ta faɗa.

Ya ga Brice ya leƙa na'urar auna zurfi ya ɗaga wa matarsa babban yatsa. Ƙafa goma sha biyu, jirgi na bukatar biyar. A tafkin Erie wannan lissafin ya ƙare ke nan har abada. Iskar kudu ta tura jirgin baya a kan igiyarsa, ya juya a hankali, ya tsaya. Alden ya sauke madubin, ya goge shi da riga, ya sake ɗagawa. Ba abin da ya canza. Jirgin yana shawagi daidai saman Kan Rago.

Suka sauka a kwalekwale da kwanduna da laima. Suka ja shi kan gaɓa, suka bi 'yar hanya cikin bishiyoyi, babbar yarinyar a gaba tana tsalle, suka ɓace.

Wayar tana aljihunsa, lambar Brice tana ciki. Ƙarfe goma sha biyu da rabi ne. A awa ta farko teku ba ta sauka da yawa, kowa ya san wannan, sai a ta uku da ta huɗu take zubewa kamar an cire toshiya. Akwai lokaci. Kira ɗaya, mutumin ya dawo da gudu, ya ja jirgin baya tsayi biyar, magana ta ƙare. Ya fito da wayar. Sai iska ta ɗan juya jirgin, bayansa ya fuskanto shi, rana ta bugi haruffan zinaren har suka shiga idonsa ta cikin madubin.

Ya mai da wayar aljihu. Bari su shimfiɗa bargo tukuna. Bari ta cire takalmi ta kwanta, ta ce kai, wurin nan aljanna ne. Daga nan a tashe su. Ya zuba kofi. Ya ba su minti talatin, da suka cika ya ƙara musu talatin, yadda yake ƙara wa 'yan aji lokacin jarrabawa in ya san ba abin da za su rubuta.

Ɗaya da rabi ya kira. Wayar ba ta ko yi ƙara ba. Muryar Brice ce ta fito, cike da fara'a, tana cewa yana kan ruwa da iyalinsa, ya kashe waya har Litinin, in haƙori ne a kira asibiti. Alden ya sake kira. Ya kira sau shida, sau shida aka gaya masa a kira asibiti.

Ya bar kujerar da fulas a wurin. Minti ashirin da biyar ne zuwa gadar masunta inda ake ɗaure jirage, ya yi su a sha takwas. Verlon Beal yana wanke jirginsa na kamun lobsta, manyan jatan landen teku, da tiyo, ƙaton mutum mai shekara sittin wanda Alden ya taɓa kayarwa a tarihi sau biyu.

"A'a, Malam! Gudu kake da wannan gwiwar? Wa ya mutu?"

"Tada inji. Lenora na kan Kan Rago."

Verlon ya san wace Lenora. Ya kashe tiyon, ya dubi ginshiƙan gadar, inda jiƙaƙƙen baƙin layi ya riga ya fi tsayin hannu sama da ruwa, ya dubi agogo.

"Wane wawa ne ya kai shi can?"

"Likitan."

"Wane wawa ne ya aiki likitan?"

"Tada inji, Verlon."

Sun isa bakin lungun uku da 'yan mintuna. Verlon ya shiga a hankali yana duban na'urarsa, ya kai ramin, ya tsaya, don shi ya san alamun duka biyu. Gaba da nan ba ruwan da zai ɗauke shi. Tsakaninsu da jirgin bai fi jifa ba. Ya riga ya daina shawagi. Yana tsaye cak, tsayuwar da ba ta jirgi ba, kuma jan fentin cikinsa ya fito fili kamar an ɗaga wa mutum riga.

"Jefa masa igiya mu ja," in ji Alden.

"In ja shi a kan dutse in yage masa ciki da hannuna? Zauna, Malam. Yanzu sai kallo."

Suka yi kallo. Ruwa ya ci gaba da tafiya ba hayaniya, yana barin ciyawar teku a kwance. Ƙahonin dutsen suka fito, baƙaƙe, ɗaya a ƙarƙashin gindin jirgin, ɗaya a gefe yana jira. Wajen ƙarfe huɗu jirgin ya fara karkata. Alden ya yi ta roƙo a ransa ya kwanta hagu, wajen laka. Ya yi ɗan jinkiri kamar yana shawara, sannan ya kwanta dama, da dukan nauyinsa.

Ƙarar ba ta da girma. Kamar an taka kwando ne, sau ɗaya, sannan wasu ƙanana suka biyo. Alden ya san kowane katako a wannan gefen. Uku daga ciki shi ya sa su da hannunsa, Lenora tana riƙe masa fitila tana karanta masa jarida. Daga cikin jirgin aka ji kwanoni sun zube, yadda ya tsara.

Iyalin sun fito daga cikin bishiyoyi wajen biyar da rabi, jajaye da rana. Ƙaramar ce ta fara gani, ta yi ihu cikin murna, "Baba, jirginmu ya yi barci!" Kendra ta ajiye kwando. Ba ta shiga laka ba, fararen takalmanta ba su ga komai ba. Brice ne ya shiga, har cinya, yana faɗuwa yana tashi, ya kai ga jirgin ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa, kamar zai gano wane haƙori ne.

Sai da ruwa ya fara dawowa Verlon ya iya kwaso su. Lokacin rana ta yi ƙasa, teku kuma tana shiga jirgin ta ramin tana cika shi a natse. Bai tashi ba. Yaran suna zaune a kan akwatin lobsta, an lulluɓe su da rigar Verlon, suna gardamar wa zai fara ba da labari a makaranta.

"Mun gode Allah ba ma ciki," in ji Kendra. Ta dafa hannun Alden. "Kuma mun gode maka, Mista Pinkham. Da ba ka sa ido a kanmu ba, da a tsibirin nan za mu kwana. Brice, na gaya maka tun farko, tsohon katako tsohon katako ne. Akwai inshora dai, ko?"

"Akwai." Brice yana zaune da laka har ƙirji, murmushin ya tafi, kuma da babu shi fuskarsa ta zama ta yaro. "Laifina ne, Kyaftin. Ka ba ni amana na kashe maka shi a fita ta farko. Na bi abin da ka rubuta, wallahi na bi. Wataƙila ban gane ba ne."

"Me ya rubuta maka?" in ji Verlon, idonsa a kan ruwa.

Brice ya laluba aljihu ya miƙa masa ambulan. Verlon ya riƙe sitiyari da gwiwa ya karanta. Ya juya bayanta, ba komai sai tambarin kamfanin lantarki. Ya sake juyowa. Bai taɓa saurin karatu ba, amma layi biyu ne kawai.

"Shi ke nan abin da ya ba ka?"

"Shi ke nan. Na yi kuskure a wani wuri, ko?"

Verlon ya naɗe takardar sau biyu. Bai mayar wa Brice ba. Ya miƙa hannu ya cusa ta a aljihun rigar Alden, ya danna da yatsa kamar mai manna tambari.

"Ka shiga da yawa ne, Likita," ya ce. "Kowa na yi." Sannan, ba tare da ya juyo ba, da muryar da injin ya kusa rufewa: "Lenora ce ta koya mini alama ta biyun, Malam. Ina ɗan shekara sha tara. Ta ce in gaya wa duk wanda ya tambaya."

Bai sake yi wa Alden magana ba har gada, kuma bai ba shi hannu ba wajen hawa tsani.

Ranar Talata aka jawo jirgin da buhunan iska zuwa filin gyara. Mutumin inshora ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce gyaran ya fi ƙarfin jirgin. Ranar Juma'a aka sa masa zarto mai inji. Dalmar gindinsa aka sayar, sauran aka loda a motar shara, wadda dai ta san hanya. Alden bai je ba. Daga kicin ɗinsa ana jin zarton, ya kunna rediyo, ana jin sa ta cikin rediyon. A kantin kofi ba wanda ya ce masa komai. Teburin da yake zama da masunta kowace safiya ya zama ba kujerar da ta rage, kullum, ko da mutum uku ne a kai.

Bayan mako biyu Brice ya sake zuwa, murmushin ya dawo wurinsa. Sun sayi sabon jirgi na roba, mai banɗaki biyu da firji, Kendra da kanta ta zaɓa. Ta ce tun da ta ga mafi munin abin da zai iya faruwa kuma ba wanda ya ji ciwo, tsoron ya sake ta. Za su fita ranar Asabar. Ya buɗe bayan motarsa ya ciro wani abu a naɗe da bargo, ya jingina shi a bangon baranda.

"Na ce su yanko mini wannan kafin su gama. Ba wanda ya fi ka cancanta da shi."

Katakon bayan jirgin ne, guda, da haruffansa na zinare. Ko ƙwarzane babu.

Da motar ta tafi Alden ya ja shi zuwa rumfar aiki, ya ɗora a kan benci. Ya san abin da rana ke yi wa katako. Shekara arba'in da ɗaya tana dafa shi, sai inda haruffa suka rufe, nan yake zama da haske, kuma ko an kankare suna inuwarsa takan zauna a jikin itacen. Ya ɗauki takardar goge katako ya fara da hannun hagu, don na dama ba ya ɗaguwa. Zinaren ya tafi cikin awa guda. Ya share ƙura, ya jiƙa tsumma ya shafa, ya ɗauki katakon zuwa bakin ƙofa ya karkata shi ga haske, ya duba ta wannan gefen, ya duba ta wancan.

Likitan ya ce sun bi ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda suka ɗauka aikin ya goge tsohon sunan da inji, ya shiga ciki sosai. Katako ne kawai, ja, mai santsi, mai kyau.

Alden ya mai da shi kan benci, ya ɗauki sabuwar takarda, ya ci gaba da gogewa.